Ƙusa Talatin da Uku

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Sun amince. Majalisar birni ta amince za a gyara gidan. Na rubuta sau biyu don in gani da idona.

Shekara tara ina kai takarda ofishinsu, har mai gadin ƙofa ya san ni, da ya hango ni sai ya ce, "Kawu, yau ma rufin ne?" Rufin ne mana. Gado talatin da biyu, bokiti goma sha ɗaya na taron ruwa, ga bangon gabas ya tsage har kana hango hasken titi. Gidan ya girmi duk wanda ke kwana a cikinsa, ni ma ya girme ni. Shekara ashirin da shida ke nan ina kula da shi, shi da mutanen da ba su da wurin sa haƙarƙari sai nan.

Kansila da kansa ya kira ni. A waje Kansila ne, a bakina Sha Huɗu ne, don a gado na sha huɗu ya kwana shekara biyu cur lokacin da ya shigo birni da riga ɗaya a jikinsa. Ni na goge masa rigar nan ranar da ya je neman aikinsa na farko. Ya ce, "Kawu, na cika alkawari." Sai na hau shi da faɗa a kan tumbin da ya ajiye. Ya yi ta dariya.

Na gaya wa uwar yara. Ta ce Allah ya sa alheri, ta ci gaba da wankinta. Matar nan ko shugaban ƙasa aka naɗa ni, sai ta gama ɗauraya.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na kakkaɓe hular Sha Huɗu, tun da gobe zai zo.

Doka ɗaya gidan nan yake da ita wadda ba a rubuta ba, kuma ita kaɗai ba a taɓa karyawa ba. Saman kowane gado akwai ƙusa, ni na kafa su da hannuna. Wanda ya rataye abinsa a ƙusarsa, gadon nasa ne, ko wata guda ya yi bai dawo ba. Ba mai taɓawa, ba mai saukewa, har ni. Ranar da mutum ya sami wuri zai tafi ke nan, shi zai sauke da hannunsa. Mutumin da aka kora daga wuri goma, wannan ƙusar ce kawai ke sa shi barci da ido biyu a rufe.

Sha Huɗu da zai tafi ya ƙi sauke hularsa. Ya ce, "Kawu, duniya ba tabbas, bar mini ita." Ni kuma ba zan bar gado ba kowa ba, sai na kafa ƙusa ta biyu a gefenta. Yanzu Tela ne a gadon, ƙarƙashin hular wani. Kullum sai ya ce ƙurar manyan mutane yake shaƙa, shi ya sa tarinsa ya fi na kowa daraja.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ya zo da injiniya da wata mata daga ofishin gidaje. Ya rungume ni a gaban kowa. Ya tsaya gaban hular ya daɗe, har matar ta ɗauki hoto.

Ga maganar: ba za a iya aikin da mutane a ciki ba. Wata uku kacal. An tanadi wani tsohon sito bayan tashar mota ta bakin gari, can za su zauna. Amma sai kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa cewa da yardarsa ya fita.

Soja, wanda ya fi kowa daɗewa a gidan, ya miƙe da sandarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni an fitar da ni daga wuri uku, kowanne wata uku aka ce." Ba wanda ya taɓa takardar.

A bakin mota Sha Huɗu ya riƙe hannuna. "Kawu, ni ba za su ji maganata ba, sun ga takalmina. Kai za su ji. Ka tuna musu da ƙusa." Daɗi ya kama ni da ya tuna. Na ce a raina, yaron nan bai manta inda ya fito ba.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na tara su lokacin cin abinci. Na ce kowa ya rataye abinsa a ƙusarsa ya tafi. Na ce, "A gidan nan ƙusa ta taɓa yi wa wani ƙarya?" Suka ce a'a. Na nuna musu hular: shekara ashirin da biyu, ga ta nan.

Tela ya ajiye cokali. "Kawu, kai ka ce?"

"Ni na ce."

Shi ya fara sa hannu. Soja ne na ƙarshe, ya dangwala yatsa yana kallona, bai ko kalli takardar ba.

A gida uwar yara ta tambaye ni ko na karanta abin da suka sa wa hannu. Na ce shafi bakwai ne, ƙananan rubutu, kuma wanda ya kawo ba baƙo ba ne. Ta ce, "To." Wannan "to" ɗin nata ya fi zagi ciwo. Na fita ban gama shayina ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Bas biyu suka zo. An tafi.

Na bi gadajen ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa. Tela ya rataye almakashinsa, wanda ko aro ba ya bayarwa. Soja ya ɗaure igiyoyin takalmansa na aiki ya saƙala. Wani ya bar tabarau mai ido ɗaya, wani hoton 'yarsa a leda, wani cokali kawai, don shi ke nan abin da ya mallaka.

Mai Rediyo ne ya ba ni wahala. Tsoho ne da ba ya magana da kowa sai rediyonsa, da shi yake kwana da shi yake tashi. Na ce ya bar hankici ma ya isa. Ya girgiza kai. Ya ce abin da mutum ba zai iya rayuwa babu shi ba, shi ake bari, in ba haka ba ƙusar ba za ta ɗauke ka da gaske ba. Ya kashe shi, ya rataye, ya shiga bas hannu na dukan cinya.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe shida na safe

Na dafa ruwan shayi na mutum talatin da biyu kafin in tuna.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ɗan kwangila ya iso da mutanensa. Sun fara da rufi. Na rufe kowace ƙusa da leda saboda ƙura, leburori suna ta yi mini dariya, wai Kawu ya sa wa bango hijabi. Na ce su yi dariyarsu, amma duk wanda ya taɓa sai ya san ya taɓa.

Na zubar da ruwan bokitan nan goma sha ɗaya na kife su. Wallahi har ƙwalla na yi.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Injiniya ya bar taswirar ginin a buɗe a kan teburin cin abinci. Na wuce ta gefenta. Ni ban iya karanta irin waɗannan takardu ba.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na kira Sha Huɗu sau uku. Yana cikin taro, ko ranar Lahadi.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Sau biyar. Ban iya karanta taswira ba, kuma ba aikina ba ne.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na je sito. Mota biyu na hau, sannan na taka. Katifu a ƙasa, famfo ɗaya, ƙofa irin ta shago da ake ja daga sama. Mutum shida sun riga sun watse, don wurin ya yi nisa da kasuwa inda suke ɗan samun dako.

Da suka gan ni suka taso kamar na zo da albashi. Mai Rediyo ya riƙe gefen rigata. "An rufe shi?" Na ce an rufe, leda biyu ma. Ya rame. Tela ya ce tun da suka zo bai ji muryarsa ba sai yau.

Suka tambayi aiki. Na ce aiki na tafiya, rufi ya kusa. Gaskiya ne, rufi ya kusa.

Soja bai tambaye ni komai ba. Ya raka ni har titi, da zan hau mota ya ce, "Kawu, yau ba ka kallon mutane a ido." Na ce ciwon kai nake yi.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe uku na rana

Sun fitar da gadajen. Na ɗauka fenti za a yi musu, sai na ga motar masu sayen tsohon ƙarfe. Na tsaya a ƙofa na ce ba gadon da zai fita. Ɗan kwangila, mutumin kirki ne dai, ya ja ni gefe ya ce, "Baba, ni abin da ke takarda nake yi. Takarda ta ce a fitar da talatin da ɗaya, a bar ɗaya."

Ban tambayi wanne ba.

A babban ɗaki sun ja layi da alli, sun fara ɗora bulo. Ƙananan ɗakuna takwas, kowanne da wurin soket huɗu. Mai kwana ɗaya me zai yi da soket huɗu?

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Tun takwas na zauna a bencin ofishin Sha Huɗu. Sakatariyarsa ta ce ba ya nan, na ce ni ma ba inda za ni. Ƙarfe ɗaya ya fito da kansa, ya ce, "Haba Kawu, kai ne a benci?"

Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari.

Na ce, "Ina za su kwana?"

Ya ce in zauna, a kawo mini lemo. Na ce ina za su kwana. Ya ce, "Kawu, kuɗin da aka ware na gyara gini ne da adana shi. Gini. Na ce maka za a gyara, kuma ana gyarawa. Da ban yi haka ba rushe shi za a yi, ka san mutum nawa ke son filin nan?" Ya ce an sa gidan cikin gine-ginen tarihi na birni. Ofisoshi za su shiga, haya za ta riƙe shi har abada, ba sauran bokiti. Su kuma ana duba lamarinsu, akwai kwamiti.

Na ce, "Gado ɗayan da za a bari fa?"

Nan fuskarsa ta yi haske, wallahi haske, kamar yaron da ya zo da sakamakon jarrabawa. Ya ce za a bar kusurwa ɗaya yadda take don masu ziyara: gado na sha huɗu, da ƙusa, da hularsa, a kewaye da igiya. Ya ce labarin ƙusar nan shi ya ba su a majalisa, har wata ta yi kuka, da shi aka sami ƙuri'u. Kuma ya tanadar mini aiki, ni zan riƙa tsayawa a wurin ina ba baƙi labari, da riga mai tambari da albashin da ya fi na yanzu. "Wa ya iya ba da shi kamarka?"

Na ce, "Ranar da ka ce in tuna musu da ƙusa, ka san wannan?"

Ya gyara agogonsa. Ya ce, "Kawu, da 'yan sanda aka kawo fa? Soja da sandarsa, ka san abin da zai faru. Na zaɓi hanyar da ba za a ji wa kowa ciwo ba. Na san in ka faɗa za su fita lafiya."

Ya sani. A gadon ya kwana, ya san abin da ƙusar nan take a wurin wanda ba shi da komai, shi ya sa ya san inda zai kama. Baƙo ba zai iya yi mini wannan ba.

Lemon ya zo ina fita.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ban je aiki ba.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na duba abin da na rubuta ranar sha biyar. Ƙarya ce. Shekara takwas na yi ina bin magina kafin in zo gidan nan, taswira kuwa ina karanta ta kamar jarida. Na tsaya a kanta ya fi minti goma. Na ga an rubuta ofis, ofis, ofis, ɗakin taro. Na nemi gado ban gani ba. Sannan ranar sha tara na je na kalli mutanen nan na ce aiki na tafiya.

Shi ya ci amanata sau ɗaya. Ni kuma na ɗauki cin amanar a kaina na kai musu har sito, na biya kuɗin mota.

Na gaya wa uwar yara duka. Na jira ta ce ai na tambaye ka. Ba ta ce ba. Ta zauna a bakin gado, sannan ta ce, "Aikin da ya ce zai ba ka fa?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Shekararka hamsin da tara, ga Auta ba ta gama makaranta ba. Ba zan ce ka ƙi ba. Amma ni ba zan goge rigar ba."

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Riga mai tambari. Na yi ta ganin kaina a ciki ina nuna hula da yatsa. Abin haushin, na san zan iya, har in sa su kuka.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ɗan kwangila ya ce ranar Litinin za su shafe bango. Duk abin da ke rataye sai ya sauka, in ba haka ba yaransa za su zuba a shara. Ban da hula, ita an ce kada a taɓa. Ya ce, "Baba, ka kira masu kayan mana." Na ce in kira su su zo su ga bulo a inda gadajensu suke? Sai ya ara mini filaya ta zare ƙusa.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na karya dokar. Ni na kafa ta, ni na karya ta, sau talatin da biyu. Kowanne na sauke sai na kira mai shi da baki na ce ya yafe mini, kamar mahaukaci, a ɗakin da ba kowa. Na zare ƙusar kowa na ɗaure ta da abinsa.

Da na zo kan ta talatin da uku na tsaya. Tsatsa ta kama ta, ta ƙi fita, sai da ta taho da guntun bango. Ban ce a yafe mini ba.

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na zuba kayan a buhu na kai sito. Mutum goma sha tara na tarar. Na tsaya a tsakiya na faɗi komai, har da taswirar, har da ranar da na zo na ce aiki na tafiya. Na so wani ya zage ni, ko ya jefe ni da takalmi. Ba wanda ya yi.

Tela ya karɓi almakashinsa yana juya ƙusar a hannu. Ya ce, "Kawu, su suka sauke ko kai?"

"Ni."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

Ya gyaɗa kai, ya sa a aljihu, ya koma katifarsa ya juya wa ɗaki baya. Mutumin da ba ya minti biyar bai tsokani wani ba.

Soja ya rataya takalmansa a wuya. Ya ce, "Ni tun farko na sani. Ba takarda na dangwala wa yatsa ba, kai na dangwala wa." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na zaro rediyon na ƙarshe, na duba ko'ina. Suka ce Mai Rediyo ya fita tun ranar Talata da safe, ya ce zai je ya duba ko ƙura ta shiga, bai dawo ba. Ranar Talata, ranar da ban je aiki ba. Da na koma gidan na tambaya, leburori suka ce wani tsoho ya zo bakin ƙofa, mai gadin kwangila ya kore shi, ya ɗauka mabaraci ne.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na ajiye wa sakatariya ambulan: makullan gidan, da hula, da ƙusarta. Ta ce in rubuta saƙo. Na ce ba sai na rubuta ba, a gidan ya kwana, ya san ma'anarsa.

Daga nan na fita neman Mai Rediyo, na bi kasuwa, tashar mota, ƙarƙashin gada, bakin asibiti. Ba wanda ya gan shi.

Laraba, 2 ga sabon wata, ƙarfe biyar na yamma

Waya ta yi ƙara sau tara tun jiya. Yau ni ne a cikin taro.

Kasuwa, tasha, gada, asibiti. Gobe zan gwada bayan masana'antu. Soja ya ce zai bi ni, wai ƙafata ba ta san lunguna ba. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban tambaya ba.

Alhamis, 3 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Ba mu same shi ba.

Da na dawo na ɗauko hama na kafa ƙusarsa a bangon ɗakinmu na zaure, saman tabarmar da baƙo ke kwana. Na goge rediyon na rataye. Uwar yara ta fito da kumfa a hannu, ta kalli bangon da muka shafa wa fenti bara, ta kalle ni.

Ta ce, "Har yaushe?"

Na ce, "Sai mai shi ya zo ya sauke da hannunsa."

Ta koma ciki. Can sai ga ta da leda, ta miƙo mini, ta ce in rufe shi saboda ƙura.